Bangon LED, ƙirƙirarriyar basira ko Nuke: wanne zan fara koya?

Wani matashi mai aikin editin a Kano ya rubuto mini cewa shekararsa huɗu yana haɗa siddabarun hoto, wato VFX, da manhajar After Effects, irin su ɓacewar aljani, tashin gobara, harbin bindiga da cire koren ƙyallen da ake ɗaukar jarumi a gabansa don a sauya masa baya. Ya ce kansa ya ɗaure, domin kullum da sabon abin da ake yayi: yau bangon LED mai nuna hoto a bayan jarumi, gobe Unreal Engine, manhajar gina duniya a kwamfuta, jibi ƙirƙirarriyar basira mai haɗa bidiyo daga rubutu. Yana so ya san me zai koya don ya ci gaba, kuma ko sana'ar ma tana da sauran kwana. Ya haɗo da ɗan faifan ayyukansa.

Ƙanina, na kalli faifanka har sau uku, kuma daga cikinsa nake so mu fara kafin mu je kan bango ko basira. Akwai wurin da jarumin yake tsaye cikin farar shadda, ka sa masa wata katafariyar fada a baya. Cire koren da ka yi ba laifi. Amma ka sake buɗe shi ka duba. Inuwar da ke cikin soron fadar ta fi gashin jarumin baƙi, alhali fadar tana can nesa da shi. Ido bai saba ganin haka ba. Ka hau Dutsen Dala da safe a lokacin hunturu ka hangi gari: duk yadda gini ya ƙara nisa, baƙinsa sai ya ƙara komawa ruwan toka, saboda ƙura da iskar da ke tsakaninku. Sannan hoton jarumin yana da ɗan yashi-yashin nan da kowace kyamara ke bari, yana wutsil-wutsil daga firem zuwa firem, wato daga hoto ɗaya zuwa na gaba a jerin hotunan bidiyon, ita kuwa fadar sumul take kamar an goge ta da tsumma. Inda takalminsa ya taɓa ƙasa babu inuwa, shi ya sa yake kamar yana shawagi. Bayan kunnensa da gefen wuyansa kuma akwai ragowar kore.

A cikin waɗannan huɗun babu wanda sai ka sayi sabuwar manhaja. After Effects ɗin da ke hannunka zai gyara su cikin yini ɗaya. Abin da ba ka samu ba tukuna shi ne idon da zai kama su tun kafin wani ya nuna maka, kuma horar da wannan idon shi ne kashi mafi girma na abin da ake kira ci gaba a sana'armu.

Ni ma haka aka yi mini. Bayan na daɗe ina editin bidiyon biki da ƙananan finafinai har ina ganin na ƙoshi, sai na samu aikin gwaji daga wani ƙaramin sutudiyo na ƙasar waje. Shot ɗaya ne, wato ɗauka guda ba yankewa, daƙiƙa shida, a liƙa allon talla a jikin wani bene. Cikin awa uku na gama, na tura ina jin kaina. Sufabaizan bai ce uffan ba. Ya ɗauki firem ɗaya, ya ɗaga haskensa har komai ya kusa yin fari fat, ya turo mini. A nan allon nawa ya fito ɓaro-ɓaro kamar sabon faci a tsohuwar riga, domin baƙinsa bai dace da baƙin benen ba. Na gyara, ya nuna mini gefen allon ya fi na ginin kaifi. Na gyara, ya ce lens ɗin da aka yi ɗaukar da shi yana ɗan lanƙwasa layuka a gefe-gefe, nawa allon kuwa a miƙe yake sambal. Sau goma sha ɗaya ya dawo mini da wannan daƙiƙa shidan. A makon na ji haushinsa ƙwarai, amma har yau duk shot ɗin da na gama sai na ɗaga haskensa sama, na sauke shi ƙasa, na duba ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya kafin in nuna wa kowa.

Tsoron da kake ji na mutuwar sana'a kuwa ya girme ka. Lokacin da ake shirin Jurassic Park, wanda ya fito a 1993, an ɗauko Phil Tippett, gwanin motsa 'yan tsana da hannu ana ɗaukar su firem bayan firem, don ya yi manyan dabbobin fim ɗin. Ana cikin haka ma'aikatan ILM, kamfanin siddabarun hoto, suka nuna wa daraktan fim ɗin Steven Spielberg gwajin dabbar da suka gina a kwamfuta tana tafiya, nan take aka sauya shawara. Tippett da bakinsa ya ce da alama shi ma ya bi sahun dabbobin, zamaninsa ya ƙare. Sai ga shi masu kwamfutar suna buƙatar wanda ya san yadda nauyin dabba ke sauka a kan ƙafa, da yadda wutsiya ke biyo jiki a makare. Aka ƙera wani ƙwarangwal na ƙarfe mai na'urori a gaɓoɓinsa, mutanensa suna motsa shi da hannu yadda suka saba, kwamfuta tana ɗauka. Yana cikin mutum huɗun da suka karɓi Oscar a kan aikin. Ba na ba ka wannan labarin don in ce kowa ya tsira ba. Da yawa daga cikin masu haɗa hoto da tsoffin injinan fim sun bar sana'ar a shekarun nan. Waɗanda iliminsu ya tsaya a kan sarrafa injin sun tafi tare da injin, waɗanda suka san haske da motsi kuma suka koma kan sabon teburi suka ci gaba da cin abinci.

To me za ka koya? Tunda hannunka ya riga ya faɗa a haɗa hoto, ka zurfafa a nan, wato kompozitin. After Effects yana aiki da leya, ana jera su wata kan wata kamar tabarmi. Ga talla da rubutu mai motsi babu kamarsa. Amma idan shot ya kai abubuwa arba'in, sai ka ɓace a cikin kwamp, wato tarin leya, da ke cikin wani kwamp. Manyan gidajen aiki suna amfani da tsarin nod, inda kowane aiki akwati ne guda, an haɗa su da layi kamar bututun ruwa, kana ganin inda hoto ya shigo da duk abin da aka yi masa har ya fita. Wani zai iya buɗe aikinka bayan wata uku ya gane shi. Sarkin wannan fage shi ne Nuke, wanda aka fara ginawa a cikin kamfanin Digital Domain a farkon shekarun 1990, daga baya Foundry na Landan ya karɓe shi a 2007. Tsadarsa ba ta ɗan koyo ba ce, amma suna da na koyo kyauta wanda ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, kuma iyakar abin da zai fitar maka HD ne. Ga aikin kuɗi kuwa akwai Fusion, wanda tun 2018 yake cikin manhajar editin DaVinci Resolve, har da na kyautan. Shawarata ita ce ka koya a Nuke, ka ci abinci da Fusion. Tunanin iri ɗaya ne, sunayen akwatunan ne suka bambanta.

Abin da zai fi ba ka wuya, kuma wanda zai fi raba ka da sa'o'inka, shi ne fahimtar yadda kwamfuta ke lissafin haske. Bidiyon da muka saba aiki da shi mai bit 8 ne, kowane launi yana da matakai 256 kacal, fari ya tsaya a 255. Ma'ana farar shadda da fitilar mota da rana duk fari ɗaya ne a wajensa. A zahiri kuwa rana ta ninka shaddar haske sau dubbai. Shi ya sa wutar da kake sa wa gidaje a faifanka take kama da fentin lemo: ba ta da ƙarfin da za ta haska bangon da ke kusa, in ka sa mata dishi-dishi kuma sai ta dusashe maimakon ta yi ƙyalli. Gidajen aiki suna amfani da fayil ɗin EXR, wanda ILM ta saki ga kowa a 2003, yana riƙe hasken da ya wuce fari, kuma ana yin lissafin a miƙe, yadda fitila biyu za su ba da ninki biyu na fitila ɗaya kamar yadda yake a duniya. A kan wannan aka ɗora ACES, tsarin launi na cibiyar da ke ba da Oscar, don hoton kyamarori daban-daban da na kwamfuta su haɗu a ma'auni ɗaya. Ka ba wannan wata biyu cur. Ba shi da armashi, babu wanda zai yaba maka a Instagram saboda shi, amma ranar da ka gane shi wutarka za ta fara kama da wuta.

Yanzu bari in zo inda nake ganin mu 'yan gida muka fi asara, wato lokeshan. Yawancin shot ɗin da ya lalace, tun ranar ɗauka ya lalace. An taɓa kirana bayan an gama ɗaukar wani shiri, aka ba ni sin goma sha biyu na koren ƙyalle. Ƙyallen duk ya yamutse don daga cikin buhu aka zaro shi, an kafa shi da ƙusa a bango, jaruman suna tsaye kamar taku ɗaya daga jikinsa, fitila ɗaya ce take haska su da shi gaba ɗaya. Inuwarsu ta kwanta a kan koren, koren kuma ya fantsamo musu a jiki. Ɗaya tana sanye da mayafi shara-shara mai ratsin kore. Aikin da ya kamata ya ci kwana uku sai da ya ci mako biyar, ina zagaye mutane da hannu firem bayan firem, kuɗin kuwa na kwana ukun aka biya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum ranar muke fafe ta.

Don haka ka nace a riƙa zuwa da kai wurin ɗauka, ko da kyauta ne a farko. Ka sa a goge ƙyallen, a ja shi ya miƙe. Ka matsar da jarumi ya yi nisan mita biyu zuwa uku daga gare shi, a haska ƙyallen daban, jarumin daban, kuma hasken jarumin ya zo daga ɓangaren da ranar bayanan da za ka sa take. Fatarmu tana da sheƙi, musamman in an yi gumi, tana ɗaukar kore a kumatu da goshi fiye da yadda darussan YouTube ke nunawa, don haka nisan nan ba ado ba ne. Ka tambayi mai kyamara a wane tsari yake ɗauka. Ƙananan kyamarori da yawa suna ajiye launi a 4:2:0, wato bayanin launin kashi ɗaya ne cikin huɗu na bayanin haske, kuma cire kore da launin yake aiki, shi ya sa gefen gashi ke fitowa kamar haƙoran zarto. In kyamarar tana iya 4:2:2 mai bit 10, wanda ya fi riƙe launi, ka roƙa a kunna shi ko don shot ɗinka kaɗai. Idan kyamara za ta motsa, ka liƙa ƙananan alamomi da tef a jikin ƙyallen don tirakin, wato bin sawun motsin kyamara a kwamfuta. Bayan an ce kat, ka ce kowa ya fita a ɗauki wurin babu kowa na daƙiƙa goma. Ka rubuta lambar lens, tsayin kyamara daga ƙasa da nisanta da jarumi. A manyan finafinai za ka ga wani ya shigo da ƙwallo biyu a kan sanda, ɗaya kamar madubi, ɗaya ruwan toka, a ɗauke su kafin a tashi. Ta madubin tana nuna inda kowace fitila take, ta tokar tana nuna ƙarfin hasken da launinsa. Ƙwallon ado mai sheƙi da ƙwallon roba da ka shafa wa fenti za su yi maka wannan aikin. Za a yi maka dariya a lokeshan, darakta zai ce kana cinye masa rana. Ka daure, ranar da ya ga sakamakon shi zai riƙa tuna maka.

Bangon LED da ya ɗauke maka hankali ya yi suna ne da The Mandalorian a 2019. ILM ta gina zagayen bango na allunan LED mai tsayin kusan mita 6 da faɗin kusan mita 23, da rufi shi ma na LED. Ana nuna duniyar da aka gina a Unreal Engine a jikin bangon, na'urori suna bibiyar inda kyamara take, hoton bangon yana sauyawa daidai da motsinta, sai kyamarar ta ga kamar wurin yana da zurfi na gaske. Babbar ribarsa haske ne. Jarumin shirin sulke yake sawa mai ƙyalli kamar madubi, da a gaban kore aka ɗauke shi da kore zai yi ta haskowa a jikinsa, amma a gaban bangon sai hamadar da kanta ta bayyana a sulken. Ana kuma iya riƙe faɗuwar rana ta tsaya cak har a gama ɗauka.

Abin da masu tallarsa ba sa faɗa shi ne bai rage aiki ba, gaba ya dawo da shi. Duk abin da za a gani a baya sai an gama gina shi kafin ranar ɗauka, kuma darakta ba shi da damar sauya ra'ayi cikin sauƙi daga baya. Ba ya iya ba da zafin hasken tsakar rana mai kaifin inuwa. In kyamara ta mai da hankali a kan bangon, ɗigogin allon suna haifar da wani zane mai rawa a hoto. Sau da yawa ma sai an dawo an cire bayanan an sake su a kompozitin, wanda ya fi cire kore wuya. Ga kuɗi, ga wutar da yake sha. Ni ban ga dalilin da zai sa ka kashe shekararka a kan abin da ba za ka samu taɓawa ba a nan kusa. Amma dabarar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce, tun shekarun 1930 ake haska hoton titi a bayan jarumai suna zaune a motar da ba ta tafiya. Kai ma ka gwada: babbar talabijin a wajen tagar mota, bidiyon titi da daddare yana gudana a cikinta, lens ya mai da hankali a kan fuska don bayan ya yi dishi-dishi. Hasken fitilun titin zai riƙa wucewa a fuskar jarumin da gilashin motar da kansa. Unreal kuwa ka koye shi daidai gwargwado in kwamfutarka tana da katin hoto mai ƙarfi, don ka riƙa nuna wa darakta yadda sin zai kasance kafin a fita. Wannan kaɗai sana'a ce.

Sai ƙirƙirarriyar basira. A nan sai ka raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai wadda take zaune a cikin kayan aikinmu tana rage wahala: Roto Brush na After Effects, Magic Mask na Resolve, masu share yashin hoto da masu ƙara masa girma. Nuke ma tun 2021 yana da CopyCat, inda za ka gyara firem kaɗan da hannunka, ka koya masa, shi kuma ya yi ƙoƙarin yin sauran. Waɗannan ka rungume su yau. Da ina da su lokacin mayafin nan da mako biyar ya koma biyu. Sai dai ka lura da abin da na ce: kai ne za ka gyara firem ɗin farko, kuma yadda ka gyara su haka zai kwaikwaya, har da kurakuranka. In ya kai kashi tamanin cikin ɗari ya tsaya, gefen yatsu yana karkarwa, gashi yana ɓacewa yana dawowa, wanda ya iya roto, wato zagaye mutum da hannu firem bayan firem, shi kaɗai zai ƙarasa. Gaskiya ce mai ɗaci cewa aikin roto da share-share, wanda shi ne ƙofar da yawancinmu muka shigo ta ciki, shi ne ya fi fuskantar raguwa. Duk da haka ka koye shi, domin a nan ake sanin gefen abu.

Ta biyun ita ce mai ƙirƙiro bidiyo daga rubutu, irin Sora da Veo da Runway. Ba wasa ba ce. A 2025 Netflix ta bayyana cewa an yi amfani da irinta wajen nuna rushewar wani bene a wani shirinta na ƙasar Ajantina, ta ce an gama cikin sauri ninki goma. A fim ɗin Here na 2024 an mai da Tom Hanks saurayi da irin wannan fasaha. Wanda ya ce maka ba za ta taɓa aikinmu ba yana yi maka daɗin baki ne. Amma ka zauna da darakta sau ɗaya ka ji irin gyaran da yake nema: komai ya yi, sai dai hayaƙin ya ɗan jinkirta, ya bi ta bayan kafaɗarta, kada a taɓa sauran. Injin da ka ba wannan umarni sau da yawa sabon hoto zai ba ka gaba ɗaya, har hular mutumin ta sauya ɗinki. Shot na gaba kuma dole ya dace da wannan. Yadda na ga ana cin moriyarta a zahiri shi ne a samo ɗanyen kaya da ita, sararin sama ko gini mai nisa ko hayaƙi, sannan mai kompozitin ya zaunar da shi a cikin hoton gaske. Ka ga mun dawo kan baƙin fadarka da inuwar takalmi. Gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa ɗora bidiyon mai aiki a irin waɗannan shafuka ba da izininsa ba. Yarjejeniyoyi da yawa sun haramta, kuma fuskar jaruma amana ce a hannunka, ka san yadda abu kaɗan ke zama fitina a garinmu.

Akwai wata sabuwar dabara da nake so ka sa wa ido, ana ce mata Gaussian splatting, masu bincike a Faransa suka fito da ita a 2023. Za ka zagaye wuri da kyamara ko waya, manhaja ta mai da shi wuri mai zurfi da za ka iya yawo da kyamarar kwamfuta a cikinsa, da kamanninsa na gaske. Sauya masa haske yana da wuya har yanzu, amma ka yi tunanin tsohon gidan ƙasa mai zanen dagi da ba za a bar ka ka shiga da ma'aikata talatin ba. Houdini kuwa, mai yin ruwa da wuta da rushewar gini, hanya ce daban mai son lissafi, masu ita suna da daraja a kasuwa kuma akwai na koyo kyauta. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Ka ɗan san manhajar Blender don ka iya gina abu mai sauƙi ka haska shi, ka koyi Python, yaren ba kwamfuta umarni, kaɗan don ayyukan maimaici, ka bar sauran sai ƙafarka ta kafu.

Game da aiki a waje, ba zan ɓoye maka ba, masana'antar tana da kyan gani daga nesa ne. Rhythm & Hues, babbar ma'aikatar VFX ta Amurka, ta bayyana karyewa a Fabrairun 2013, bayan kwanaki kaɗan aikinta a Life of Pi ya ci Oscar. Yajin aikin marubuta da na 'yan wasa a Amurka a 2023 ya tsayar da ɗauka na watanni, masu VFX da ba su shiga yajin ba suka zauna babu aiki daga Landan har Mumbai. A Fabrairun 2025 rukunin Technicolor ya durƙushe, gidajen aikinsa na VFX, MPC da The Mill, suka rufe, dubban ma'aikata suka wayi gari babu albashi. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ana karɓar aiki a kan ƙayyadadden farashi, gyara kuma ba ya ƙarewa, sannan aikin yana bin rangwamen haraji daga ƙasa zuwa ƙasa. Wannan rangwamen shi ne ke sa wuya a ɗauke ka daga Kano, domin gwamnatin Kanada ko Ingila tana mayar da kuɗi ne a kan aikin da aka yi a ƙasarta. Ƙara da tsauraran sharuɗɗan tsaron fim, da intanet da wutar da ba su yarda su ɗauke ba ko na minti ɗaya. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta ƙananan sutudiyo, masu talla a Legas, bidiyon waƙa da finafinai masu ƙaramin jari. Kafin ka nemi ko ɗaya ka tanadi inbata da layin intanet biyu, domin wanda ya makara sau ɗaya ba a cika sake kiransa ba.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa a kanku shi ne ƙananan tawagogi. Godzilla Minus One na Japan ya ci Oscar na VFX a 2024 da ma'aikata 35 da shot 610, a gaban finafinan da suka ninka shi kuɗi sau da yawa. Daraktan da kansa ne ya jagoranci sashen, yana zaune tare da ma'aikatan, abin da za a gyara a faɗa a take. Flow na ƙasar Latbiya, da Blender na kyauta aka yi shi, ya ci Oscar na zane mai motsi a 2025. Kannywood ba ta buƙatar dodon da zai rushe gari. Tana buƙatar wanda zai goge eriya da wayoyin lantarki da tankin roba daga fim ɗin da aka ce zamanin da ne, ya mai da mahaya ashirin su zama ɗari biyu, ya gyara sararin da ya ƙone fari, ya sa saƙo a fuskar waya ba tare da yana zamewa ba. Irin aikin da in ya yi kyau babu wanda zai san an yi shi, kuma shi ne mafi yawan abin da ake biya a ko'ina.

Faifanka minti huɗu ne, ya yi tsawo. Mai ɗaukar aiki ba ya wuce daƙiƙa talatin kafin ya yanke hukunci, kuma da mafi raunin shot ɗinka zai auna ka. Ka mai da shi minti ɗaya, shot biyar ko shida, mafi kyau a farko, kowanne ka nuna yadda yake kafin ka taɓa shi da matakan da ka bi. Ka cire duk abin da ka kwaikwaya daga darasin YouTube, sun san su duka. Ka saba da tsarin suna tun yanzu: kowane gyara da lambarsa, v001, v002, ba "final" da "final na gaskiya" ba. Za ka ga gidajen aiki suna fara ƙirga firem daga 1001, don a samu wurin ƙari a gaba in edita ya tsawaita shot. Jawaban SIGGRAPH, taron masana hoton kwamfuta, da bidiyon da gidajen aiki ke saki na yadda suka haɗa shot suna nan a intanet, ka riƙa tsayar da su firem-firem maimakon kallo ɗaya. Ka kuma samu mutum biyu ko uku da za ku riƙa zama duk mako kuna fito da aibin aikin juna ba kunya, domin yabon abokai a WhatsApp ba ya gyara gefen gashi.

Ga aikin da zan ba ka. Ka koma kan shot ɗin farar shaddar nan, ka sake shi daga tushe a Fusion ko Nuke. Ka ɗaga baƙin fadar ya dace da nisanta, ka ɗauko yashin hoton jarumin ka shimfiɗa mata, ka zaunar da ƙafarsa da inuwa, ka kashe koren wuyan ba tare da fatarsa ta koma ruwan toka ba. In ka gama ka ɗaga hasken har sama ka duba da kanka, sannan ka turo mini tare da tsohon. Ka sa ran zan dawo maka da shi fiye da sau ɗaya.